Bayan Tiyatar Leza: Me Ya Sa Haske Ke Damun Idon da Ke Gani Garau?

Mako huɗu da yi masa tiyatar leza, mutumin ya zauna kan kujerar gwaji, aka kunna allon haruffa. Ya karanto tun daga ƙaton harafin sama har layin can ƙasa, layin da a da ko da tabarau sai ya ƙanƙance ido kafin ya rarrabe shi. Likita ya jawo na'ura, ya leƙa idon dama, ya leƙa na hagu. Babu ja, babu kumburi, wurin aikin ya kwanta lafiya lau. Ya ce, "Malam, aiki ya yi kyau."

Mutumin ya ce, "Likita, gani kam ina gani. Amma jiya da dare na buɗe firji, 'yar fitilar ciki ta sa sai da na kau da kai. Hasken wayata na rage shi har ƙarshe, duk da haka ji nake kamar ana tsira min allura." Yana magana yana juya baƙin gilashi a hannu, ya ƙosa a sallame shi ya mayar da abinsa fuska.

Babu maƙaryaci a cikinsu. Abu ɗaya allon nan yake aunawa: ko ido zai iya rarrabe baƙin harafi a kan farin fili, a ɗakin da aka daidaita haskensa. Ba ya auna zafi. Ba ya auna yadda fitilar motar da ke tahowa ke tarwatsewa a idon direba ana tsaka da ruwan sama. Don haka sai a rubuta "an yi nasara" a katin mutum alhali shi labule yake ja da tsakar rana. Abin da ya ƙara dagula lissafin, maganar nan ta "haske na damuna" buhu ce da aka cusa abubuwa daban-daban a ciki. Wani yana wucewa da kansa cikin kwana uku, wani yana bukatar likita a ranar da ya fara, wani kuma yana iya zama da mutum shekara da shekaru. Wanda bai zazzage buhun ba, ko dai ya firgita a banza, ko ya yi sake a inda sake ke cin ido.

A gaban ido akwai wata fata garai-garai kamar gilashin agogo, wadda ta lulluɓe baƙin ido. Likitoci suna kiranta koniya. Kaurinta a tsakiya rabin milimita ne da ɗan ɗoriya, wajen maikiron 550 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), amma ita ke ɗauke da kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske zuwa bayan ido. In aka sauya lanƙwasarta kaɗan, an sauya lambar idon baki ɗaya. José Barraquer ya yi ta gwada wannan a birnin Bogota na Kolombiya tun shekarun 1950 zuwa 1960, yana yanko ɓangaren koniya, ya daskarar da shi, ya feƙe, ya mayar. Abin da ya buɗe ƙofa shi ne lezar eksaima, wadda kowane bugunta ke ɗauke kusan rubu'in maikiron na nama ba tare da ta ƙona na gefensa ba. A 1988 Marguerite McDonald ta yi aiki da ita a idon mai gani a Amurka, salon da ake kira PRK. Wajen 1990 Ioannis Pallikaris, a tsibirin Kirit na Girka, ya haɗa lezar da yankan marfi, aka samu LASIK. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da PRK a 1995, ta amince da LASIK a ƙarshen shekarun 1990, sai SMILE a 2016.

A PRK ana kankare siririyar fatar saman koniya ne, a feƙe abin da ke ƙasa, a bar fatar ta sake tofowa. A LASIK ana yanka marfi mai faɗin milimita 8 zuwa 9, a ɗaga shi kamar shafin littafi, a feƙe ƙasa, a mayar. A SMILE leza ce ke yanka ɗan faifan nama a can ciki, a zaro shi ta wata 'yar kafa da ba ta wuce milimita 2 zuwa 4 ba. Hanya uku, amma duk ta gona ɗaya suke bi, kuma gonar cike take da jijiyoyi.

Koniya ba ta da jijiyar jini ko guda, da tana da ita da ba ta yi garau ba. Amma jijiyoyin ji, babu wani wuri a jikin ɗan'adam da ya kai ta cunkosonsu. An kiyasta sun ninka na fata sau ɗaruruwa. Duk wanda gashin ido ɗaya ya taɓa faɗa masa ya san haka ba sai an karanta masa ba. Reshe ne su na jijiya ta biyar cikin jijiyoyin kai goma sha biyu, wadda ake kira tirajeminal, ita ce kuma ke kai saƙon ciwon haƙori da na ciwon ɓarin kai. Aikinsu bai tsaya ga jin zafi ba. Su ne 'yan rahoton da ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa saman ido ya fara bushewa, a ƙifta, a turo hawaye. Marfin LASIK yana datse mafi yawansu a zagaye, sai ɗan abin da ya tsira ta wurin da marfin ke maƙale. Suna sake tofowa, amma a hankali. Wani bincike da aka yi a asibitin Mayo na Amurka, aka buga a 2005, ya bi idanun mutane shekara biyar da na'urar leƙa cikin koniya. Ya tarar cewa shekara ɗaya bayan LASIK yawan jijiyoyin bai wuce rabin yadda yake a da ba, kuma sai a shekara ta biyar ya dawo daidai. Na PRK ya dawo cikin shekara biyu. Jin taɓi yakan riga haka dawowa, cikin wata shida zuwa shekara, amma dawowar ji daban, dawowar jijiya yadda take daban.

To amma ga tambayar da ta daɗe tana ba masana wahala. Koniya ba ta ganin haske, wucewa kawai yake yi ta cikinta. Yaya aka yi rauni a wurin da ba ya gani ya sa haske ya zama azaba?

Amsa mafi gamsarwa daga masu nazarin ciwon kai ta fito. A 2010 Rami Burstein da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard suka nazarci makafi 20 masu fama da ciwon ɓarin kai. Shida daga ciki babu hanyar da haske ke bi ya isa ƙwaƙwalwarsu, ko dai an cire idon ko jijiyar gani ta mutu. Waɗannan haske bai ƙara musu ciwo ba. Sauran 14 ba sa ganin siffar komai, amma jijiyar gani na raye, kuma da an kunna fitila ciwon kan ya ƙaru. Ashe a labulen bayan ido akwai wasu ƙwayoyi na musamman masu sinadarin melanofsin, waɗanda aikinsu auna yawan haske ne kawai, ba haɗa hoto ba, kuma shuɗin haske ya fi tada su. Saƙonsu yana isa wata mahaɗa a tsakiyar ƙwaƙwalwa, talamus, ya tarar da saƙon zafi na jijiyar tirajeminal a wuri guda. Kamar wayoyi biyu ne da suka haɗu a turke ɗaya: in ta zafi ta riga ta ɗau wuta, abin da ya bi ta haske ma sai ya fito a matsayin zafi. A kan ciwon kai aka yi binciken, amma jijiyar ɗaya ce da ta koniya, shi ya sa likitocin ido suka riƙe shi hannu bibbiyu. Akwai kuma dalili na kusa-kusa: in koniya ta ji rauni, tsokokin cikin ido sukan ɗaure, kuma duk lokacin da haske ya sa ƙwayar ido, wato 'yar ƙofar da haske ke shiga a tsakiyar baƙin ido, ta tsuke, sai ta ja tsokar da ke ciwo.

Da wannan a hannu, kwanakin farko ba su da wuyar ganewa. Bayan LASIK, awanni huɗu zuwa shida na farko su ne na yaji da zubar hawaye da son duhu, washegari yawancin mutane sun warware. Mai PRK shi ke shan wuya, domin an bar ƙarshen jijiyoyinsa a buɗe. Sai fatar ta rufe, cikin kwana uku zuwa biyar, kafin ya iya kallon taga, ko da yake ana ɗora masa ɗan gilashin roba mai laushi a kan idon ya zama bandeji. Wannan duk cikin ciniki yake. Alamarsa guda ce, da zafin ya fara sauka, kullum gara jiya da shekaranjiya, gara yau da jiya.

Inda ake tashi tsaye shi ne in tafiyar ta juya. Mutum ya fara samun sauƙi, sai a kwana na uku ko na biyar haske ya dawo yana sukarsa fiye da da, idon ya yi ja, gani ya fara yin dishi-dishi, ko kwantsa ta fito, ko a ga ɗigon fari a kan baƙin ido, ballantana in ido ɗaya ne. Abu biyu ake tsoro. Na farko ƙwayar cuta ta shiga, abin da ba kasafai yake faruwa ba amma in ya faru yana iya barin hakiya ta har abada. Na biyu wani kumburi ne da ba na ƙwayar cuta ba, wanda ke taruwa a ƙarƙashin marfin cikin makon farko. Ronald Smith da Robert Maloney ne suka bayyana shi a 1998, kuma likitoci suka yi masa laƙabi da yashin Sahara saboda yadda yake shimfiɗuwa layi-layi in an haska shi. In an kama shi da wuri maganin ɗigawa ya ishe shi, in an makara sai an ɗaga marfin an wanke, in an ƙara makara ya narkar da nama. Ba a jiran ranar da aka rubuta a kati. Mai irin wannan ya koma a ranar.

Mutumin da ke juya baƙin gilashi a hannu kuwa, nasa daban ne, kuma shi ne ya fi ɗaure kai. Tun da aka fara barin yanka marfi da reza ana komawa wata leza mai bugu cikin gajeren lokacin da hankali ba ya kamawa, wadda ake kira femto, aikin ya ƙara tsafta ƙwarai. (Fasahar da ta haifi irin wannan leza ce ta sa Gérard Mourou da Donna Strickland suka samu kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2018.) Amma sai likitoci suka fara ganin wasu mutane suna dawowa mako biyu zuwa shida bayan aiki, ganinsu tar, idonsu fari ƙal, gwaji bai nuna komai ba, amma ko fitilar ofis ba sa iya jurewa. Karl Stonecipher da abokan aikinsa sun ba da rahotonsa a 2006, sun ce ya shafi kusan ido ɗaya cikin ɗari na dubban da suka duba, kuma da aka rage ƙarfin bugun lezar adadin ya faɗi sosai. Abin da ake zato shi ne girgizar bugun ce ke tada ƙwayoyin da ke zaune cikin naman koniya. Sunan da aka ba shi ma yana ɗauke da albishir: ƙin haske mai wucewa. Ɗigon sitiroyid, wani maganin kumburi, na 'yan makonni yakan kawar da shi.

Sai dai a nan akwai rami. Sitiroyid na ido ba abin da mutum zai saya ya yi ta ɗigawa ba ne don ya ji ya yi wa wani aiki. A wasu mutane yana tada matsin ruwan ido, hanyar da ke kaiwa ga abin da ake kira hawan jinin ido, kuma ba a jin komai sai ɓarna ta yi nisa. Mafi muni, koniyar da aka rage wa kauri takan yaudari na'urar auna matsi ta nuna lamba ƙasa da gaskiya. Wani lokaci ma matsin yakan tura ruwa ƙarƙashin marfin, abin ya yi kama da yashin Sahara, a ƙara sitiroyid don a kashe shi, ashe fetur ake zuba wa wuta.

Duk abin da na faɗa zuwa nan zancen zafi ne. Akwai ɗaya ɓangaren, wanda mutane ke kira da suna ɗaya alhali ba dangin juna ba ne: hasken da ba ya ciwo amma yana kashe ido. A ce mace ce tana tuƙi bayan isha'i. Kowace fitilar titi ta yi zobe a kewayenta. Motar da ke tahowa, fitilunta biyu sun miƙe da tsinkaye ta kowace fuska har sun rufe gefen hanya, sai ta sassauta gudu domin ba ta tabbata ko akwai mai tafiya a ƙasa a cikin wannan farin ba. Da safe in an kai ta gaban allo za ta karanta shi tas.

Wannan lissafin gilashi ne, ba na jijiya ba. Da rana ƙwayar ido takan tsuke zuwa milimita 2 zuwa 4, haske ya bi ta tsakiyar wurin da aka gyara. Da dare takan buɗe har milimita 7 ko 8 a wasu, musamman matasa, alhali da'irar da leza ta gyara galibi milimita 6 zuwa 6.5 ce. Hasken da ya shigo ta gefe ba ya sauka inda na tsakiya ya sauka, shi ne zoben. Tarihin abin ma ya nuna haka. Kafin leza, a shekarun 1970, Svyatoslav Fyodorov a Mosko ya shahara da tsaga koniya da wuƙa, tsagi-tsagi kamar wayoyin ƙafar keke, kuma waɗanda aka yi wa haka da yawa sun rayu suna ganin kowace fitila da kibiyoyi. Lezojin farko kuma da'irarsu ƙarama ce, milimita 5 ko ƙasa da haka, koke-koken dare suka yi yawa.

Mai karatu zai ce to a faɗaɗa da'irar mana. Ba kyauta ba ce. Akwai ƙa'idar lissafi da Charles Munnerlyn ya fitar a 1988: zurfin naman da za a cire yana tafiya da lambar ido, a ninka da faɗin da'irar sau kansa, a raba uku. Mai rashin ganin nesa lamba 6, in an yi masa da'irar milimita 6, za a cire maikiron 72. In aka faɗaɗa zuwa milimita 7, ya zama 98. Daga cikin 550 ake ɗiba, ga marfi ya riga ya ci sama da 100, kuma dole a bar gindi mai kauri don kada koniya ta yi rauni ta tuɗo daga baya. Likita a tsakanin bango biyu yake. Shi ya sa girman lambar ido ya fi girman ƙwayar ido nuna wanda zai sha wahalar dare. Bincike da dama da aka yi da na'urorin zamani bai sami alaƙa mai ƙarfi tsakanin faɗin ƙwayar da koke-koken ba, duk da cewa har yanzu ana auna ta. Mai PRK kuma yana da nasa ƙarin: wani hazo da kan taso a koniya wata ɗaya zuwa uku bayan aiki, wanda zafin rana ke ƙara wa ƙarfi, dalilin da ya sa ake matsa masa da gilashin kare hasken rana na tsawon watanni.

Bushewar ido ita ce ke tsaye da ƙafa ɗaya a kowane ɓangare, kuma ita ce ta fi yawa nesa ba kusa ba. Fuskar farko da haske ke tararwa a ido ba koniya ba ce, shimfiɗar hawaye ce da ke kanta. In ta yi sumul, hoto ya yi sumul. In ta tsattsage saboda 'yan rahoton da aka datse ba sa kiran hawaye, haske ya watse, kuma jijiyoyin da ke tofowa su sha iska. Gwajinta mai sauƙi ne: in mutum ya ƙifta sau biyu uku zoben ya ragu na ɗan lokaci, hawaye ne matsalar. Ga allon waya da na kwamfuta suna rage ƙiftawa da rabi ko fiye. Wani ɗan abu kuma da ba a cika faɗa ba, wanda ya shekara ashirin da tabarau ya shekara ashirin idonsa na bayan taga. Iska ba ta bugunsa kai tsaye, wasu ma gilashinsu mai duhu ne da kansa in an fita rana. Ranar da aka cire tagar, ba laifin leza ba ne duka.

Mutum nawa abin ke shafa? Lambobin da na fi amincewa da su na binciken PROWL ne, wanda FDA ta yi tare da Cibiyar Ido ta Ƙasa da Ma'aikatar Tsaron Amurka, aka buga a 2017. Rukuni biyu ne, sojojin ruwa 262 da farar hula 312, aka tambaye su kafin LASIK da bayansa. Sama da kashi 95 cikin ɗari sun ce sun gamsu. Waɗanda abin ya hana su harkokin yau da kullum ba su kai kashi 1 ba. Masu tallan tiyata a nan suke tsayawa da karatu. Amma a takardar dai, cikin waɗanda ba su da wata matsalar gani kafin aiki, har kashi 46 sun wayi gari da aƙalla guda bayan wata uku, zobe ya fi yawa. Cikin waɗanda idonsu ba ya bushewa a da, har kashi 28 sun fara. Masu adawa kuma daga nan suke fara nasu karatun, irin su Morris Waxler, tsohon jami'in FDA da ya yi aiki a sashen da ya amince da na'urorin, wanda daga baya a 2011 ya nemi a janye amincewar, hukumar ta ƙi.

Ni a ganina duk ɓangarorin biyu sun bar layin da ya fi muhimmanci. Binciken ya gano cewa mutane sun fi bayyana damuwarsu a takardar tambayoyi fiye da yadda suke faɗa wa likitansu baki da baki, da rata mai yawa. Ba abin mamaki ba ne. Mutum ya kashe kuɗinsa, ya zaɓa da kansa, likita na murmushi yana cewa aiki ya yi kyau, sai ya ji nauyin ɓata taron. Ma'anar wannan ita ce likitan da ya ce "ni cikin dubban da na yi wa ban taɓa jin mai kuka ba" yana iya kasancewa gaskiyarsa yake faɗa, kuma maganar ba ta tabbatar da komai ba. A 2022 FDA ta fitar da daftarin shawara cewa a riƙa ba mai neman LASIK jerin haɗurran a rubuce, ya karanta ya sa hannu, likitocin tiyata da yawa suka ce an cika tsoratarwa. Ni ban ga abin tsoro a gaya wa mai lafiyayyen ido abin da zai iya samunsa ba, tunda ba ciwo ne ya kawo shi ba, gajiya da tabarau ce.

Kashi 1 ɗin nan fa mutane ne. A cikinsu akwai waɗanda jijiyoyinsu suka tofo a karkace, suka dunƙule a ƙarshe, suna aika saƙon zafi ba tare da wani abu ya taɓa su ba. Iskar fanka azaba, hasken allo azaba, kuma in an ɗiga rinin da ke nuna rauni a koniya ba a ganin komai. Perry Rosenthal, likitan ido a Boston, yana cikin waɗanda suka dage cewa wannan ciwon jijiya ne na gaske, a lokacin da ake sallamar masu shi da cewa bushewa ce ko damuwa. Akwai gwaji ɗan ƙarami mai faɗin abu babba: a ɗiga maganin kashe zafi a idon. In raɗaɗin ya ɗauke, tushen na koniya, ana iya bin sa da ɗigon da ake haɗawa daga ruwan jinin mutumin kansa, ko babban gilashin ido mai riƙe ruwa a kan koniya. In bai ɗauke ba, ciwon ya riga ya yi ƙaura zuwa can cikin hanyoyin ƙwaƙwalwa, sai a koma ga magungunan ciwon jijiya na sha, tare da likitan jijiyoyi. Masu ciwon ɓarin kai da masu wani daɗaɗɗen ciwon jiki sun fi faɗawa wannan rukuni, kuma in aka tuna da wayoyi biyun da suka haɗu a turke ɗaya, dalilin a fili yake. Abin takaici, awon kauri da taswirar koniya ake yi wa kowa kafin aiki, amma ba kowane wuri ake tambayar mutum ko yana ciwon kai, ko tun asali shi mai gudun rana ne, ko da tuƙin dare yake ci da iyalinsa ba.

Saura baƙin gilashin da ke hannun mutuminmu. A waje, cikin rana, abokinsa ne, musamman mai tare hasken da ke ƙona fata. A cikin ɗaki kuwa macuci ne. Idon da aka saba wa duhu yana ƙara kaifin jin haske, kamar wanda ya fito daga ɗaki mai duhu zuwa tsakar gida. In ya wuni da gilashin, sai ya zama kullum a bakin wannan ƙofar yake, hasken da ya jure jiya yau ya fi ƙarfinsa, ya nemo wanda ya fi duhu. Abin da likitocin jijiyar ido ke ba da shawara shi ne a cire shi a cikin gida, a riƙa ƙara hasken ɗaki kaɗan-kaɗan, a sa hula mai baki in fitilar sama ce ke damu. In ya zama dole a sa wani abu, akwai gilashi mai launin ja-ja da ake kira FL-41, wanda aka fara gwadawa a Birmingham ta Ingila kan yara masu ciwon ɓarin kai a farkon shekarun 1990. Ba ya duhunta ɗaki, yankin shuɗi zuwa kore kawai yake ragewa, wato daidai inda ƙwayoyin melanofsin suka fi jin tsikara.